Agogon Hannun Maigida

Likita ya faɗa, nas ta maimaita har sau uku: allurar ƙarshe, wadda za ta sa ƙwan haihuwar Auta ya nuna, ƙarfe bakwai na yamma daidai za a yi ta, jibi da bakwai na safe a ɗebe shi a asibiti, a haɗa da irin mijinta. In aka saɓa lokaci, ko a tarar bai nuna ba, ko a tarar ya riga ya fita. Duk alluran da Auta ta sha a ciki, har fatar ta koma kamar rariya, sun tashi a banza ke nan, bayan shekaru tana jiran haihuwa.

Firjinsu ya mutu, don haka maganin yana ajiye a kemis na bakin titi. Mijinta ne ya ce zai biya ya ɗauko in ya rufe shago. Mai gyaran agogo ne, saboda haka kowa ya saki jiki.

Bakwai ta yi, ta gota. Yayarta, tsohuwar nas, tana zaune da auduga a hannu har ta bushe. Auta ta kira wayarsa, wayar ta amsa daga kan tebur, kusa da kofin shayinsa na safe.

"Kwantar da hankalinki," in ji Yaya. "Ɓacin rai ba ya yi wa ƙwai kyau."

"Yaya, don Allah ki ƙyale ni."

Bakwai da minti arba'in ya shigo, yana murmushin wanda ya ci jarrabawa. Ya ɗaga hannu.

"Saura minti biyar! Wa ya ce ba na cika alkawari?"

Yaya ta fizge maganin. Sai da ta gama allurar ta kamo hannunsa ta duba.

"Ƙanena, wannan agogon na wa ne?"

Ya dubi hannun kamar yau ya fara ganinsa. Na wani direba ne. Ya kawo shi gyara wai agogon yana jan ƙafa, shi kuma ya ɗaura tun jiya don ya ga iyakar jan ƙafar tasa. To, ya gani.

Auta ta kira asibiti. Nas ta ce, "Ƙarfe nawa aka yi?"

"Ki ce bakwai da 'yan mintoci," ya raɗa mata. "Kar su raina mu."

Ta dube shi. Mutumin da ke yi wa jama'a faɗa a kan daƙiƙa biyu.

"Bakwai da arba'in da uku," ta ce.

Nas ta yi tsaki, ta ce ta jira. Can muryar ta dawo: likita ya matsar da aikin zuwa takwas saura kwata, wata mata ta yarda an yi musaya. "Kuma ki gaya wa maigidan, shi ma ana buƙatar nasa irin a safiyar. In ya makara, babu wanda zai iya ba da shi a madadinsa."

"Ai ni da wuri nake tashi," ya ce.

Yaya ta miƙe tana naɗe mayafi. "Gobe a gidana za ka kwana, a falo, kusa da ƙofa. Ni zan kai ka da kaina."

"Haba Yaya, kamar ɗan makaranta?"

Auta ta kwanta, ta juya musu baya, hannunta a kan wurin allurar.

"Ki haɗa masa da bargo," ta ce. "Falonki akwai sauro."