Mai Wanka a Ƙasan Gidan Orest

Da ƙafafun tsoho Orest Hrycak suka daina ɗaukarsa, 'yarsa Lorraine ta saki ɗakin da take haya a tsakiyar Winnipeg ta dawo gida jinyarsa. Ɗakinta na ƙuruciya cike yake da kayan marigayiya mahaifiyarta, ita kuma ba ta da zuciyar taɓa su. Sai ta kafa gadonta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da injin wanki. Ba abin da ya dame ta a can sai hawa da sauka duk lokacin da take son banɗaki.

Ta ɗauka tsohon zai yi gardama in ta ce za a fasa masa daɓe a gina banɗaki a ƙasan. Sai kawai ya ce, "Ai tuntuni ya kamata a yi."

Ta kira Wendell Friesen mai aikin famfo, wanda suka yi aji ɗaya a sakandare. Ya wuni yana fasa kankare, ƙura ta cika gidan. Da la'asar ya kira ta ta zo ta gani. A lungun da ya fasa, ƙasar ta lotsa daidai tsawon mutum, sumul kamar makwancin da aka daɗe ana kwana a kai. Ta sa hannu ta ji ɗumi, alhali a waje ƙanƙara ta kai gwiwa.

"Lorraine, faɗa mini gaskiya, wa kuka binne?" in ji Wendell. "Malamin lissafinmu ne? In shi ne, na rufa miki asiri."

"Kai dai har yanzu ba ka yi hankali ba. Tona mu gani."

Ya tona bai sami komai ba. Ya zuba tsakuwa, ya shimfiɗa bututu. Da yake ɗakin ya fi magudanar titi zurfi, ya binne injin da zai riƙa tura ruwan wanka sama. Ya ce da an zubar da ruwa za ta ji ƙuginsa.

Banɗaki ya yi kyau: farin tayil, baho, madubi mai fitila. Lorraine tana aiki a kantin magani, tana dawowa da la'asar. A makon farko ta tarar madubin ya yi gumi. Bayan kwana biyu ta tarar da bahon a jiƙe, tawul ɗinta da danshi, an ninke shi ninki uku, ita kuwa rataye shi take yi. Sabulu ya soma ƙarewa da wuri. A bakin magudanar bahon kullum akwai 'yar baƙar ƙasa mai laushi.

Mahaifinta ko matakala ɗaya ba ya iya sauka. Ta canza makullan gidan. Ta buga wa Wendell waya, ya ce sabon siminti ne yake fitar da raɓa, ko kuma ta yi saurayi tana ɓoye wa mutane.

Ran Asabar da rana tana dafa miyar kabeji, tsohon na zaune a teburi yana shan kofi, sai ta ji injin tura ruwan ya tashi a ƙarƙashin ƙafafunta. Ta ajiye ludayi. Ruwa na zuba a ƙasa, har ana jin yadda sautinsa ke sauyawa in ya sauka a jikin mutum.

"Baba, kana ji?"

"Ina ji. Ƙyale shi ya gama."

"Wa?"

"Na ƙasa." Ya kurɓi kofinsa. "A nan muka same shi da muka sayi gidan. Da can hawowa yake yi ya shiga banɗakinmu. Mahaifiyarki ce take ajiye masa tawul. Tun da ta rasu nake fama, ni kaɗai, ina jinsa yana wucewa ta bayan kujerata. Yanzu kin hutar da mu duka."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Ba a juyawa, 'yata. Mahaifiyarki ta ce ba ya so."

Lorraine ta gaya wa kanta tsufa ne ke magana. Duk da haka a ranar ta kwashe bargonta ta koma doguwar kujerar falo.

Haka suka zauna har tsakiyar hunturu. Wata Lahadi bayan cin abincin rana, injin ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Gidan ya yi tsit. Sai matakalar ƙasa ta yi ƙara, sannan ta samanta, a hankali, irin takun mai nauyin jiki.

Orest ya kama hannunta. "Zauna. Dubi taga."

Ta zauna ta kafe idonta a kan shingen maƙwabta. Ƙofar da ke bayansu ta buɗe. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin girkin, ɗumi ya gifta ta ƙeyarta, ya ɗan tsaya, ya wuce. Suka ji an rufe banɗakin tsohon, an murza sakata.

Da hannu ɗaya ta lalubo waya.

"Wendell, injin ya lalace. Ka zo yanzu."

"Yau Lahadi fa, ranki ya daɗe. Gobe da..." Ya tsaya, ya jiyo zubar ruwa ta wayar. "Wa ke wanka a gidan? Ba ke da Baba ne kaɗai ba?"

"Ka zo kawai."

Kafin ya iso an gama, an koma ƙasa. Ya sauka da akwatin kayan aikinsa, ya sa sabon inji, ya hawo fuskarsa ba annuri. Ya ƙi shan kofi. A bakin ƙofa ya ce in wani abu ya sake lalacewa ta nemi wani, shi gwiwarsa ta fara ciwo.

Orest ya rasu da bazara, a kan gadonsa, cikin barci. 'Yan'uwa suka ce ta sayar da gidan, ta ce ba ta san yadda za ta yi wa mai saye bayani ba. Tana nan a ciki har yau. Ta gyara ɗakinta na ƙuruciya ta koma. In za ta sauka wanki, takan ƙwanƙwasa ƙofar, ta ɗan jira, sannan ta kunna fitila.