Mai Bargo a Bayan Tankiso

Babur ɗin ya mutu a tsakiyar rafi, ruwa ya kai wa Tankiso gwiwa. Ya taka kik sau uku, injin ya yi tari ya yi shiru. Ruwan ƙanƙara ne da ta narke daga kan duwatsu, sanyinsa har cikin ƙashi, kuma a hankali yake tura babur ɗin zuwa inda rafin ke zuba cikin kwazazzabo. A baya akwatin sanyi na ɗaure, cike da kwalaben jinin gwaji da ya kwaso daga asibitocin ƙauye uku, ana jiransu a babban asibitin garin Thaba-Tseka.

Da ya ɗaga kai sai ya ga mutum a tsugune kan dutse a ɗaya gaɓar, kamar tun safe yake nan yana jiran hakan ta faru. Bargo ruwan toka, takalmin roba, sanda, da hular saƙa da ta rufe fuska duka sai idanu. Shigar kowane makiyayi ke nan a duwatsun Lesotho. Ita ce kuma shigar wanda ya fasa wa Mosito kai.

Mosito abokin aikinsa ne. Wata huɗu da suka wuce ya rage wa wani mai bargo hanya, suka hau har ƙololuwar dutse inda matafiya ke tara duwatsu. Mutumin ya ce a tsaya. Mosito ya cire hular kwano don ya sha iska, aka sauke masa sanda a ƙeya, aka tafi da babur. Bai mutu ba, amma har yau cokali faɗuwa yake yi daga hannunsa.

Bayan wannan ne Tankiso ya yi ta zarya zuwa Maseru, babban birnin ƙasar, har aka ba shi lasisi, ya sayi ƙaramar bindiga. Wanda ya koya masa harbi bai taɓa hawa babur ba, shi ya sa ya ce a ɗaura ta a ƙugun dama. To, hannun dama shi ne na totur, in ka sake shi tafiya ta tsaya. Ya maido ta gaba, ta riƙa sukar mararsa duk ramin da ya faɗa. Daga ƙarshe ya ɗaura kubenta a hagu, can wajen baya, ƙarƙashin jaket. Abin da bai daina ba shi mamaki ba shi ne yadda take ɗaukar ɗumin jikinsa. Da yamma in ya cire ta sai ya ji ta da zafi a tafin hannu kamar ɗan tsako.

"Sannu, ntate," in ji mai bargon, da kalmar da ake girmama namiji da ita a nan. "Dokin naka ƙishirwa yake ji, ko kai ka tilasta masa?"

Tankiso ya zuba masa ido. Hannunsa na hagu ya je ya taɓa ƙugu ya dawo.

Mutumin ya ajiye sanda, ya tattare bargonsa a kafaɗa, ya shigo ruwan. Ya kama bayan babur ɗin, suka tura tare, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafafunsu, har suka fitar da shi. Ƙarfi gare shi, ko da yake fatar gefen idonsa ta nuna ba yaro ba ne. Tankiso ya kwance fulogi ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Yana cikin yi ya ga mutumin ya sunkuya bakin ruwa yana zaɓen duwatsu, ya ɗauki wannan ya yar, ya ɗauki wancan ya auna a hannu, har ya sami wani dogo mai faɗi ya cusa cikin bargo.

Injin ya tashi a bugu na biyar.

"Na gode, ntate. Allah ya saka."

"Thaba-Tseka ka nufa," in ji mutumin. "Ni ma can na nufa. Sunana Mohapi. An ce 'yan sanda sun kamo tumakin sata, zan je in duba ko akwai masu tsagar kunnen gidana."

"A wurin aikinmu an hana ɗaukar fasinja."

"An hana a tura muku babur a ruwa?"

Tankiso ya dubi takalman mutumin, ruwa na ta tsiyaya daga bakinsu. A duwatsun nan wanda ya shiga ruwan sanyi dominka ba ka barinsa a ƙasa. In ka bar shi, kafin mako ya zagayo kowane ƙauye ya ji, ranar da ka sake maƙalewa kuwa sai dai tumaki su zo su kalle ka.

"Sandar za a ɗaure ta a jikin akwati."

"Ɗaure ta. Ba ta cizo."

"Ka ɗaga hular in ga fuskarka."

"Kai ma ai ban ga taka ba, ɗana. Tun ɗazu da kwano nake magana."

Babu wanda ya cire tasa. Mohapi ya matse tsakanin akwatin da bayan Tankiso, yana warin hayaƙin kashin shanu da jiƙaƙƙen ulu, ya zagayo da hannuwansa ya riƙe masa ƙugu. A lokacin ne Tankiso ya gane abin da bai taɓa tunani ba cikin wata uku da yake yawo da ita. Bindigar ta fi kusa da hannun na baya fiye da nasa.

Hanyar ta fara hawa. Dutse a dama, kwazazzabo a hagu, ƙasa can nesa rafin ya koma kamar zaren azurfa. A wani lanƙwasa suka wuce jaki shi kaɗai, ba mai shi, ɗauke da ƙofar gida sabuwa fil a gadon baya, yana tafiya kamar ya san gidan da ake jiranta. Da a wata rana ce, da Tankiso ya yi ta tunaninsa har gari. Yau madubi yake kallo, ba ya ganin komai a ciki sai kafaɗar bargo da ido ɗaya.

"Kowace Talata kake bi ta nan," in ji Mohapi a kunnensa.

"Ba kowace ba."

"Kowace. Daga wajen tumakina ina jin ƙararka. An ce baburan nan akwai abin da ake sa musu, in an sace a gano inda suke."

"Akwai."

"Na Mosito babu ke nan."

Babur ɗin ya yi tangal-tangal, Tankiso ya daidaita shi. "Ina ka san Mosito?"

"Wa bai san shi ba? Mai waƙa in yana gangara."

"Ka san wanda ya buge shi?"

"A dutse kowa ya sani, kuma ba wanda ya sani. Kalli gabanka."

Suka shiga wurin da ruwan sama ya cinye hanya, ramuka da manyan duwatsu, babur na tsalle, Mohapi na haɗuwa da bayansa yana rabuwa. Da suka fita Tankiso ya saki hannun hagu ya taɓa ƙugu ta saman jaket. Ya ji tauri, ya ɗan sami numfashi. Ya shiga lissafi. In mutumin ya ce a tsaya a ƙololuwa, to shi ne. Ba zai cire hular kwano ba. Zai sa jak, ya yi tsalle ta dama, taku uku, ya juyo. Ya maimaita a ransa har ya haddace.

Tarin duwatsun ya bayyana a gaba, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, iska na kaɗa wani tsumma da ya maƙale a jikinsa.

"Tsaya nan," in ji Mohapi.

"Jinin nan ba ya jira."

"Ba zan wuce wurin nan ban tsaya ba. Tsaya, ko in sauka muna tafe, mu faɗi tare."

Tankiso ya taka birki. Jak, tsalle, taku uku, ya juyo, ya ɗage jaket ya zaro, ya miƙa hannu sosai kamar yadda aka koya masa.

Dutse ne a hannunsa. Dogo mai faɗi, na bakin rafi, har ya ɗauki ɗumi.

Mohapi ya sauka a natse, ya miƙe ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe gefen bargo. Bindigar na soke a ɗamararsa, bai ko taɓa ta ba.

"Tunda yana hannunka, tofa masa yawu ka ɗora," ya ce, yana nuna tarin da haɓa. "Don shi na ɗauko. Kakanka bai koya maka ba? Ba a wuce nan hannu wofi."

Bakin Tankiso ya bushe, ba yawun da zai tofa. Ya dubi sandar da ke ɗaure, ya dubi hanya gaba da baya, babu ko tsuntsu.

"In babur ɗin kake so, ɗauka," ya ce. "Ka bar mini akwatin."

"In kai shi ina? Ni da ban iya ko keke ba." Mohapi ya tsinci wani ƙaramin dutse a ƙasa, ya ɗaga hular zuwa hanci, ya tofa, ya ɗora, ya mayar da hular. Gemu fari ne kawai ya leƙo ya koma. "Tun a rafi kake taɓa ta. Sau shida na ƙirga. A bakin kwazazzabo kake sakin kan babur kana lalubar ƙarfe, ni ina baya. Na ce wannan yaro ko dai ya jefa mu ƙasa, ko in na yi atishawa ya harbe ni. Ni ma ban san ka ba, ɗana. An sha ɗaukar tsofaffi a babur ba a sake ganinsu ba."

"A ina ka koyi zare abu haka?"

"Jirgin ƙasan Johannesburg. Da daɗewa. Na bari."

"Ka bari."

"Yawanci."

Tankiso ya matsa ya ɗora dutsen a kan tarin, ba tare da ya ba mutumin baya ba. "Ba ni abata."

"A gari. A nan in na ba ka, kai ke da bindiga ni ba ni da komai, kuma ranka a ɓace yake. Hau mu tafi, jininka ba ya jira."

Haka suka gangaro, baƙo a bayansa da bindiga mai harsashi a ciki. Tankiso ya yi ta jiran jin bakin ƙarfe a haƙarƙarinsa. A kowane lanƙwasa yana cewa nan ne. Amma hannuwansa biyu na kan babur tunda ba abin da za su taɓa, sai ga shi ya bi gangaren nan sumul kamar yadda bai taɓa bi ba. Wannan ma ya ba shi haushi. Mohapi kuwa labarin wata tunkiyarsa yake bayarwa, wadda ba ta cin ciyawa sai ta ga wata ta fara ci.

Rufin kwanon Thaba-Tseka ya fara ƙyalli. Suka wuce mata masu gasa masara, suka wuce dawakai a ɗaure gaban kantin gari, suka tsaya ƙofar ofishin 'yan sanda. 'Yan sanda biyu na zaune a benci suna shan rana, ɗaya yana cin tuwon masara da ganye daga roba. Mohapi ya sauka, ya kwance sandarsa, ya kai hannu cikin bargo.

"Kada ka fito da ita," in ji Tankiso ƙasa-ƙasa. Sai yanzu abin ya faɗo masa. Bindiga mai lasisi in aka gan ta a hannun wani, mai ita ne zai kwana a ciki, lasisi ya tafi, aiki ma ya bi shi. "Suna kallonmu."

"To ya za a yi? In tafi da ita?"

Tankiso ya saci kallon benci. "Mayar da ita yadda ka ɗauka."

Idanun Mohapi suka yi ƙanana, alamar dariya a cikin hula. "Juya bayanka."

Ya juya. Ya ɗaga hannuwa biyu kamar mai gyara igiyar hular kwano, ya tsaya. Mohapi ya shiga kakkaɓe masa jaket yana magana da ƙarfi don na benci su ji, wai yaran yanzu ba su iya sa tufa ba, ga laka har kafaɗa, matarka za ta ce a ina ka yi birgima. Ya ɗan daɗe yana ja nan yana ja can. Sannan ya dafa masa kafaɗa.

"Sauka lafiya, ntate," in ji Mohapi.

Ya shige ofishin yana buga sanda, ya gaida na benci da sunayensu.

A asibiti Tankiso ya kinkimi akwatin da hannu biyu ya kai ɗakin gwaji. Mme Limpho, matar da ke karɓar jini, ta buɗe ta taɓa ƙanƙarar, ta ce da sauran sanyi. Tana jera kwalabe ta dubi ƙugunsa.

"Jaket ɗinka ta ɗage, rufe abarka. Wane ne ya yi maka wannan ɗauri?"

Ya karkata ya duba. Bindigar na cikin kube. Amma an zagaye ta da siririyar igiyar fata sau uku, an haɗa da bel, an ƙulle da irin ƙullin da makiyaya ke dabaibaye tunkiya mai gudu da shi. Ya ja, ko motsi. Ya sa farce, ƙullin ya ƙara shigewa. Na baya ba zai iya zare ta ba. Shi ma haka.

Mme Limpho ta buɗe durowa ta miƙo masa almakashi.

Ya dubi almakashin. Ta taga ana hango dutsen da zai sake hawa kafin rana ta faɗi, da hanyar a jikinsa fara siririya.

"Bar shi tukuna, Mme," ya ce. Ya ja jaket ya rufe, ya ɗauki akwatin da ba komai a ciki.