Sunaye a Madubin Mai Aski

Mutum arba'in ne suka ɓace daga shagon tabarau ranar wata Laraba da hantsi, alhali ba wanda ya taɓa ƙofa.

Akawu ne ya fara ganewa. Shi ne mai zama a teburin shiga, mai rubuta sunan duk wanda ya zo awon ido da ranar da zai dawo. Shekara tara yana zuba sunayen nan cikin wata tsohuwar manhaja a kwamfuta. Kowace safiya sai ya buɗe ya ga waɗanda ranarsu ta kusa, ya rubuta musu imel da yatsu biyu. Likita, mai shagon, ta gaji da wannan jinkiri. Ta samo wata sabuwar manhaja mai aika saƙo da kanta, ta kira 'yar yayanta, wadda kowa ke ce wa Injiniya, ta zo ta kwashe sunayen daga tsohuwar zuwa sabuwar. Yini ɗaya kacal aka ba Injiniya a wurin aikinta. Ƙarfe biyar na yamma za ta kama hanya, kuma a ƙarfe biyar ɗin wa'adin tsohuwar manhaja zai cika, ta rufe.

Akawu bai zauna ba tun safe, don an karɓe masa kujera. Ya goge gilasan da ke kan kanta, ya sake gogewa, ya gyara kalandar da ba ta karkace ba. Da Injiniya ta ce an gama, sai ya leƙo ta kan kafaɗarta. Tsohuwar manhajar ta ce mutum dubu biyu da ɗari tara da shida. Sabuwar ta ce dubu biyu da ɗari takwas da sittin da shida.

"'Yata, ina sauran?"

"Sauran me, Baba?"

"Arba'in. An zuba su ta nan, ba su fito ta can ba."

"Maimaici ne. Ita sabuwar nan ba ta san mutum da sunansa ba, da adireshin imel ta san shi. Adireshi ɗaya, mutum ɗaya. In ta ga biyu iri ɗaya sai ta haɗe su."

"Ta haɗe su yaya? Ta haɗiye?"

Injiniya ta yi dariya, ta ɗan daddanna, sai dariyar ta tsaya. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Baba, wane ne wannan? Mutum arba'in da ɗaya a adireshi guda."

Akawu ya sunkuya. Sunan da ke sama na wani mai gyaran agogo ne, wanda aka shigar a ƙarshe. Amma inda gurbinsa yake babu komai, na'urar ta cike da na wasu. Shekarar haihuwa ta wata tsohuwa ce mai saƙa. Awon idon dama na wani direban babbar mota ne. Unguwa kuwa ta wani mai ɗinkin takalmi. Akawu ya daɗe yana kallon wannan halitta. Ya ga a ransa wani tsoho dogo yana tafiya a bakin titi da idon direba da shekarun mai saƙa, aljihunsa cike da agoguna, ana gaishe shi da suna arba'in da ɗaya yana amsawa duka. Sannan ya karanta adireshin da ke ƙasa. Na Mai Aski ne.

Abin ya samo asali ne tun shekarar farko. Tsohuwar manhaja ba ta yarda ta ajiye suna sai an cike gurbin imel. Tsofaffi kuwa su zo, a tambaye su imel, su ce ba su taɓa shan sa ba. A lokacin shagon Mai Aski yana jikin nasu, bango ɗaya. Wata rana ya leƙo aron biro, ya tarar da Akawu yana gumi, ya ce, "Sa nawa mana, ai duk a bencina suke zama." Akawu ya sa. Washegari ya sake sawa. Daga nan hannunsa ya haddace. Shekara huɗu da suka wuce aka rushe layin shagunan da ke gefe, Mai Aski ya koma wani wuri, Akawu bai taɓa zuwa ya ga inda ya koma ba. Saƙo dai ya ci gaba da aikawa. Wasu tsofaffin suna zuwa ranar da aka sa musu, wasu ba sa zuwa, shi kuma bai taɓa tambayar masu zuwa yadda suka ji labari ba. Yana tsoron amsar.

Likita ta fito daga ɗakin awo tana cire safar hannu. Da ta ji bayani sai ta dafe goshi.

"Akawu, Akawu! Shekara tara kana aika wa wanzami sirrin idon mutane?"

"Ranar dawowa kawai, ranki ya daɗe. Suna da rana."

"Cikinsu akwai masu ciwon da in an tsallake awo biyu, ido ya tafi ke nan. Ka sani?"

"Na sani."

Ta dubi Injiniya. "Akwai dabara?"

"Akwai, Gwaggo. Irin adireshinsa yana karɓar ƙari. In na sa alamar tarawa da lamba a jikinsa, ɗaya, biyu, uku, na'ura za ta ɗauka mutane daban-daban ne, saƙon kuwa duk aljihu ɗaya zai faɗa. Amma ba zan yi ba sai da yardar mai adireshin. In ya ga saƙo na ta sauka ya kai ƙara cewa damun sa ake yi, shagon gaba ɗaya za a toshe wa aikawa. Zan tura masa saƙon neman izini yanzu. Ya danna, in shigar da su. Bai danna kafin biyar ba, sai dai haƙuri."

Akawu ya kira lambar Mai Aski da ke wayarsa. Wata mata ta ɗauka, ta ce shekara uku ke nan lambar tana hannunta, kuma shi ne na goma sha wani abu da ya tambaye ta aski. Ƙarfe ɗaya da rabi ya fita, bai ko ɗauki hularsa ba.

Mai sayar da jarida na kwana ya ce Mai Aski ya koma bayan tashar bas. A bayan tashar, shagon da aka nuna masa ya zama na sayar da batir. Mai batir ya ce ai ya daɗe da tashi, a tambayi mai wanki da guga na layi na uku. Mai wanki ya tafi cin abinci. Akawu ya tsaya a ƙofarsa tsakanin zannuwan gado da aka shanya, yana duba agogo, yana ɗaga ƙafa yana saukewa. Iska ta riƙa kumbura zannuwan suna taɓa masa fuska. Ya fara lissafa mutanen da ka, ya kai ashirin da shida ya ɓace, ya koma farko. Abin ya ba shi haushi. Na'urar da yake jin haushinta ta manta arba'in, shi da yake taƙamar sanin su ya manta goma sha biyar.

Mai wanki ya dawo uku saura, yana sakace. Ya ce a hau bas mai zuwa gadar jirgin ƙasa, a sauka a wajen tankin ruwa. Bas ɗin ya tsaya cika fasinja, ya tsaya sauke wata mata da kujeru shida, ya tsaya don direba ya sayi ruwa. Sau biyu Injiniya ta kira. "Baba, bai danna ba." Huɗu da minti goma ya sauka.

Shagon ƙarami ne, a ƙarƙashin wani bene: kujera ɗaya mai juyawa, benci, fanka mai kai ya karye tana kallon ƙasa. Mutum biyu na jira, ɗaya na kan kujera da zane a wuya. Amma abin da ya tsayar da Akawu a bakin ƙofa madubi ne. An rubuce gefensa na hagu da sabulu, manyan baƙaƙe karkatattu, suna da kwanan wata, suna da kwanan wata. Mai ɗinkin takalmi, sha biyu ga wata. Mai saƙa, ashirin. Rubutun ya haye fuskar wanda ake yi wa aski, har sunan direba ya kwanta masa a goshi.

Mai Aski bai juyo ba sai da ya ji sallama.

"Wannan murya ta Akawu ce. Kai! Ashe kana da ƙafa? Na ɗauka yatsu biyu kaɗai Allah ya ba ka."

"Aboki, ka yafe ni. Wallahi na zo da..."

"Shekara tara ni ne gidan wayarka. Ko ruwan sanyi! Zauna, akwai layi."

"Ba aski na zo ba. Wannan rubutun..."

"Aikinka ne mana. Saƙo ya shigo, in rubuta a nan. Duk wanda ya zauna sai ya kalli kansa, in ya kalli kansa sai ya ga suna. In ce wa ya san gidan wance? Ba a rasa jika ko maƙwabci ko suruki. Wanda ya je awo ya dawo, in goge."

Na kan kujera ya ce, "Ni na kai wa mai saƙa nata bara. Ta kore ni da tsintsiya, ta ce idonta ya fi nawa. Amma ta je."

Akawu ya zauna a ƙarshen benci. Ya zayyana komai da sauri, sabuwar manhaja, haɗewar da ta yi, ƙarfe biyar. Ya ce mutum ɗaya kawai ta bari, mai gyaran agogo.

Mai Aski ya kashe injin aski.

"Mai agogo? Shi ta zaɓa?"

"Shi."

"Shekara uku ke nan da muka binne shi. Duk shekara kana kiran sa awon ido. Na mayar maka da amsa sau uku, na ce ya rasu. Su bakwai ne suka rasu, duk na rubuta. Ba ka karanta amsa ne?"

Akawu bai san ana amsawa ba. Bai taɓa buɗe wancan ɓangaren ba.

"To na gaji," in ji Mai Aski. "Mutum ya aiko ni na yarda, ko da bai gode ba. Yanzu kuma inji ne zai aike ni?"

"In ka ƙi, babu mai faɗa musu. Ba su da wata hanya sai kai."

"Ka san da haka ka yi shekara huɗu ba ka leƙo ba."

"Na sani. Kunya ce."

Huɗu da rabi ta gota. Fanka na ta busa gashin da ke ƙasa yana zagaye ƙafar kujera. Mai Aski ya tsaya yana goge haƙoran injin aski da buroshi, ya goge, ya hura, ya sake gogewa. Can ya ciro waya daga aljihun rigar aikinsa.

"Ina ake dannawa?"

"Saƙon da ya shigo da rana. Akwai koren maɓalli a ƙasa."

Mai Aski ya kai wayar daf da hancinsa. Ya janye ta iya tsawon hannu. Ya karkata ta wajen hasken ƙofa, ya danna, hoton wata jaririya ya buɗe. Ya sake dannawa, rediyo ya kama. Akawu ya shekara tara yana kallon masu shigowa shagon tabarau, ya san wannan karkatar da kai. Ya dubi madubin, ya ga yadda baƙaƙen suka yi ta girma, na ƙasa sun ninka na sama.

"Wa ke karanta maka saƙon?"

"Hasken nan ne ba kyau."

Ɗaya daga cikin masu jira ya ce, "Mu ne, Malam. Kafin ya taɓa kanka sai ka karanta masa waya. Askin ma da lalube yake yi, amma ya fi masu ido."

"Rufe baki, mai ƙeyar kwano!"

Akawu ya tashi, ya buɗe saƙon, ya karanta masa shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Sannan ya kama babban yatsan Mai Aski ya ɗora a kan koren wurin, ya sake shi.

"Ga shi nan. In ka ga dama."

Mai Aski ya danna.

Kafin ya mayar da wayar aljihu ta Akawu ta yi ƙara. "Baba, ya shigo! Saura minti goma sha takwas."

"Tsaya, 'yata. Bakwai sun rasu, kada ki sa su." Ya miƙa wayar bakin Mai Aski, shi kuwa ya jero sunayen ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba, masu benci suna cewa Allah ya jiƙansu. Ana jin ƙarar yatsun Injiniya ta cikin wayar kamar ruwa a kan kwano.

"Talatin da huɗu sun shiga, kowa da lambarsa," in ji ta. "Saura ainihin adireshin, wanda ba ƙari. Na cire mai agogo, gurbin ba kowa. In goge shi?"

Akawu ya yi tunani. Mutum arba'in da ɗaya sun zauna a adireshin nan shekara tara, mai gidan ko sau ɗaya bai shiga rajista ba.

"Kada ki goge. Sa mai shi. Ranar awo gobe, ƙarfe tara. Ki faɗa wa Likita ni zan zo da shi."

"Wa za ka zo da shi?" in ji Mai Aski. "Ni idona ƙalau."

Akawu ya ɗauki guntun sabulun da ke kan kanta, ya sami wuri a ƙasan madubi, ya rubuta sunan Mai Aski da ranar gobe da ƙananan baƙaƙe, irin na akawu. Na kan kujera ya karanta ya fashe da dariya, zanen wuyansa ya zame.

Mai Aski ya matso, ya runtse ido ɗaya, hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Me ka rubuta mini a madubi?"

"Jibi ka karanta da kanka," in ji Akawu. Ya koma benci ya zauna a bayan mutum biyun nan, ya shafa kansa, ya ji ashe shi ma gashin ya taru.