Rijiyar Bayan Rumbu

A Gozaki, zamanin da ake rufe ƙofar gari tun kafin magariba don tsoron mahara, an yi wani mahaƙin rijiya ana ce masa Jibo. Wata shekara rijiya ta rufta da shi, aka zaƙulo shi da rai, ko ƙwarzane babu. Amma tun daga nan, duk rijiyar da ya fara, da ta kai tsayinsa sai ya naɗe igiya ya ce gobe zai dawo. Har biyar ya bari a haka. Mutane suka daina kiransa. Wannan bai ci masa rai ba kamar yadda in ya ƙudurta abu a zuciyarsa, shi kansa ya san ba zai yi ba.

Da aka gama girbin dawa sai ya share wuri a bayan rumbunsa, ya yi wa kansa alkawari ɗan ƙarami: kwandon ƙasa ɗaya kowace safiya, ba ƙari ba ragi. So yake ya gani ko maganarsa tana da sauran nauyi a wurinsa. Matarsa Hansai ta tambayi ko ramin me ake haƙa, ya ce shi ma jira yake ya gani.

Ranar da ramin ya kai tsayinsa, sai ya zauna a baki har hantsi ya dubi ludayi, sannan ya sauka yana salati, ya cika kwandon, ya fito jiƙe da gumi. Washegari ya lura jar ƙasa ta ƙare, marmara ta fara. Bayan marmara sai ga wata farar ƙasa mai santsi, wadda bai taɓa gani a wannan gefen gari ba. Ya murza ta, ya sansana, har ya ɗanɗana. Tun daga nan tunanin abin da ke ƙarƙashi ya fi tsoron ƙarfi. Wata safiya ya ji kamar ya cika goma, ya hana kansa. Ran da zazzaɓi ya kama shi ma sai da ya sauka.

Da zurfin ramin ya kai gaba biyar, sai dagi ya ci karo da dutse. Hansai, wadda yanzu ita ke jan kwandon, ta leƙo ta ce, "Maigida, ai ka yi iya yinka."

"Kwando na ce, ban ce na ƙasa mai laushi ba," in ji shi.

Kwana sha tara yana ɓantarar dutsen kafin ruwa ya tsattsafo. Hansai ta kurɓa ta yamutsa fuska, ashe zartsi ne, bai shawuwa sai dai wanki da dabbobi. Jibo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tafi neman icen da zai sassaƙa wa awaki kwami.