Mama a Gefen Hoto

Ta ɗora yatsu biyu a kan gilashin wayar ta buɗa su, hoton ya ƙara girma, amma abin da take nema bai fito ba. Ga ƙofar kicin ɗin tsohon gidansu, ga labulen nan mai ruwan ƙasa, ga wata mace a tsaye da faranti a hannu. Sai dai inda fuska ya kamata ta kasance, wasu ƙananan murabba'ai ne suka taru, wannan baƙi wancan toka-toka, kamar tayil ɗin banɗaki. Ta mayar baya ta sake kunnawa. Murabba'an suka ɗan motsa, alamar matar ta juyo, shi ke nan.

Sakatariya ce a ofishin wasu lauyoyi, amma a gidansu ba mai kiranta da komai sai Injiniya. Tun tana 'yar makaranta ta gyara wani rimot da ya ƙi aiki, alhali batir kawai ta juya, sunan ya bi ta. Ita ma, a faɗi gaskiya, ba ta ƙi shi ba. Duk wanda wayarsa ta yi tari a dangi, ita ake nema.

Saƙon muryar da ya hana ta aiki tun safe daga Auta ya zo, ƙanwarsu da ta haihu kwanan nan a wani gari mai nisa. "Yaya, duk wanda ya ga jaririyar nan sai ya ce Mama ce sak. Ni kuwa kin san ban riƙe fuskarta ba. A bidiyoyin nan da kika sa mana, wanne ne ta fito sosai? Na duba har na gaji."

Auta ko makaranta ba ta shiga ba lokacin da Mama ta rasu. Hoton Mama kuwa guda ne a gidan, na katin shaida, ta haɗe rai kamar an tilasta mata, kuma tilasta mata ɗin aka yi. Mace ce da ba ta shiri da kyamara. Baba na ɗaga tasa za ta ce, "Kawar min da abin nan," ta koma bakin ƙofar kicin inda haske ba ya kaiwa.

Baba kuwa mayen kyamara ne a zamaninsa. Kwali guda ya tara na kaset: yara na koyon keke, yara na faɗa a kan kujera, yara na cin abinci da hannu biyu. Bara Injiniya ta kwashi kwalin ta kai wani shago a kasuwa, aka juye mata komai a ɗan baƙin akwatin ajiya da ake maƙala wa kwamfuta. Ta ɗora su a intanet don 'yan'uwa da ke warwatse su riƙa kallo a wayoyinsu. Nan fa ƙorafi ya tashi. Yayansu namiji ya fi kowa baki. "Injiniya, abin nan naki sai juyawa yake kamar fanka. Ya cinye min data ban ga ko hancin kowa ba."

Abin ya taɓa mata suna, don haka ta zauna ta koyi manhajar da ke matse bidiyo. Aikin ba wuya: wani ɗan layi ne, ka ja shi dama hoto ya yi kyau nauyi ya ƙaru, ka ja shi hagu nauyi ya ragu hoto ya ɗan sha wuya. Ta riƙa ja hagu tana dubawa, kuma duk dubawar da za ta yi tsakiyar hoto take kallo, inda ita da 'yan'uwanta suke tsalle a cikin haske. Fuskokinsu tas. Ta ƙara ja. Har yanzu tas. Ta ga wani ɗan akwati da aka rubuta cire hayaniya, ta danna shi ma, shuuu ɗin kaset ya ɗauke. Bidiyoyin suka koma marasa nauyi, suna buɗewa ko a cikin mota. Yaya da kansa ya turo mata saƙo cewa ta ci sunanta.

Da akwatin ajiyar ya cika, ta dubi manyan na asali ta ce me za a yi da kaya biyu iri ɗaya, ta goge su. Abin da ba ta lura ba shi ne manhajar marowaciya ce. Inda haske yake nan take kashe ƙarfinta, lungu mai duhu kuwa sai ta shafe shi ta wuce, a ganinta ba mai kallon wurin.

Ta miƙe ta leƙa ofishin lauyan da take yi wa aiki ta ce tana da uzuri a gida. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ga fuskarta, ya ce ta je.

A bas ta samu wuri kusa da taga, wata mata mai buhun kaya ta matse ta da gwiwa. Duk tsawon hanyar tana buɗe bidiyo tana rufewa. A kowanne Mama tana nan, kuma a kowanne ba ta nan. Ta ga zanen da ta sani, ta ga tafiyar da ta sani, ta ga hannu yana gyara labule. Ta runtse ido ta nemi fuskar a cikin kanta, sai hoton katin shaidar nan ya riƙa zuwa mata. Nan ne tsoro ya kama ta sosai, don ashe ba Auta kaɗai ba ce.

Shagon yana saman bene, bayan layin masu gyaran waya. Mai shagon na cin gyaɗa a gaban kwamfuta, ya gane ta tun daga ƙofa.

"A'a, Malama mai kwali. Sannu da zuwa. An samo wasu ne?"

"Waɗancan nake nema, Malam. Kaset ɗin da na bari a nan."

Ya daina tauna. "Ai ke kika ce in yi yadda na ga dama da su. Kika ce warin fumfunarsu na sa Baba tari."

"Na faɗa. Ko Allah ya sa ba ka yi ba?"

"Sun daɗe a ƙarƙashin teburin nan, har ina tuntuɓe da su. Da muka yi sharar shago masu kwashe tarkace suka tafi da su."

"A kwamfutarka fa? Ba ka rage komai ba?"

"Ina zan sa? Mai kaya na cewa ya gamsu nake sharewa in ɗora na wani." Ya share hannunsa a wando. "Me ya faru ne?"

Ta miƙa masa wayar. Ya kalla, ya matso da ita kusa da hanci, ya ja tsaki a hankali, ba na raini ba. Sai kuma fuskarsa ta washe irin ta ɗan kasuwar da ya tuna yana da wani kaya a ciki.

"Kwantar da hankalinki. Akwai wata sabuwar manhaja, fuska take gyarawa. Jiya na yi wa wani hoton kakansa, har kuka ya yi. Zauna ki gani."

Ta zauna a kan wata kujera mai ƙafa ɗaya gajera. Ya tura bidiyon cikin kwamfuta, ya zagaye wurin da murabba'an suke, ya danna. Suka jira. A hankali ido ya fito, hanci ya fito, baki ya fito. Wata kyakkyawar mace ta bayyana a bakin ƙofar kicin ɗinsu, riƙe da farantin Mama, sanye da zanen Mama, fatarta sumul, tana murmushi kamar mai tallan sabulu.

"Kin gani?" in ji mai shagon. "Kamar yau aka ɗauka."

"Wannan ba uwata ba ce."

"To ai kusa ne. In kin gaya min inda za a gyara, ko hancin ne ya yi tsawo..."

Ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta rasa ta ina za ta fara. Hancin ne? Idon ne? Ta san dai ba ita ba ce. Kuma ta san in ta tura wa Auta wannan, Auta za ta karɓa da hannu biyu, ta nuna wa 'yarta wata rana ta ce ga kakarki.

"Goge ta, Malam, don Allah."

Ya goge, yana satar kallonta. Har ta kai ƙofa ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama." Ta ce ba laifinsa ba ne.

La'asar ta yi lokacin da ta isa wurin Baba. Ta biya kantin magani ta karɓo masa maganin ɗigawa a ido, don kada ta shiga hannu sake. A kan matakala ta shirya maganarta: za ta gaya masa duka, daga layin da ta ja har kwalin da ta bari.

Ta same shi a falo, ya jawo kujera dab da babbar talabijin ɗin da Yaya ya saya masa, ya miƙe ƙafa a kan tebur. Bidiyon koyon keke ne ke tafiya. A babban gilashi ɓarnar ta fi muni, gefen hoton duk ya dagule.

"Injiniya, kin zo a daidai. Zauna."

Ta zauna a hannun kujerarsa. A talabijin, ita ce ƙarama a kan keke, Yaya na riƙe da sirdi yana ihu. Can gefe, a inuwar baranda, ga zanen nan.

Baba ya yi dariya shi kaɗai. "A nan ne ta ce min in yarinyar nan ta karye, ni da kyamarar za mu kwana a waje. Kin ji ta?"

Ba abin da ke fita sai ihun Yaya. Muryar da ke nesa ta tafi tare da hayaniyar da aka cire.

"Ni kunnen ma ya bi sahun idon," in ji shi, bai jira amsa ba. "Da ina jin ta sarai."

"Baba, akwai abin da..."

"Kin san wani abu?" Ya nuna gefen talabijin da rimot. "Ku duk kun ɗauka ku nake ɗauka. Ku da nake gani safe da yamma, kuna hana ni barci? Ita nake ɗauka. In na juya mata kyamara guduwa take, shi ya sa nake sa ku a tsakiya, in bar ta a gefe. Har ta koma ga Allah ba ta gane ba." Ya girgiza kai, yana jin daɗin wayonsa. "Duba kowane kaset, za ki same ta."

Injiniya ta fasa faɗin maganar da ta shirya. Ta riƙe kwalbar maganin gam. Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta san Auta ce, ba ta taɓa ba.

Baba ya tsayar da hoton. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ƙanƙance ido, ya sake cirewa.

"Idanun nan sun gama aiki. Ku ina ganinku, amma ita sai hazo-hazo. Likita ya ce gefe-gefe ne ke fara tafiya." Ya dafa gwiwarta. "Ke da idonki ke da kyau, gaya min. Me take yi a nan?"

Ta dubi murabba'an. Baƙi, toka-toka, wani mai ɗan haske a inda take zaton kunci ne.

"Dariya take yi, Baba."

Baba ya ce, "A'a. Nan harara ta take yi. Dariyar sai kin faɗi daga keken, ta ga ba ki ji ciwo ba." Ya miƙa mata rimot ɗin. "Ba ki duba da kyau ba ne. Matsa kusa."

Ta karɓa, ta sauka daga hannun kujerar, ta durƙusa a gaban talabijin ɗin har numfashinta na taɓa gilashin.

"Yauwa," in ji Baba daga bayanta. "To kunna, in ta yi dariyar ki gaya min."