Sai Da Saiwarta

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina kula da ɗakin busassun tsirrai na sashenmu a jami'a. Ɗalibi ya ciro tsiro daga daji, a matse shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, ni kuma in manna shi a farin kwali, in rubuta suna da wuri da kwanan wata, in jera a durowa. Ɗalibai na kirana Baba Koma a bayan idona, don ba a kawo min aikin ha'inci in karɓa. Na sani, kuma ko a jikina.

Wata Litinin Dakta ta faɗo ɗakin ko sallamar kirki babu. Sabuwar malama ce, shekararta biyu da zuwa, bincikenta kan tsirran da suka kusa ƙarewa. Ta ce wani kamfani na neman izinin fasa dutsen nan da muke kai ɗalibai. A kan dutsen kuwa akwai wani ɗan tsiro da muke kira 'yar dutse, mai jan fure da saiwa kamar ƙaramar albasa, wanda ba a taɓa samunsa ko'ina ba sai nan. Kwamitin da ke ba da izinin zai zauna ranar Juma'a. In ta kai hoton ko guda ɗaya mai rai, za a hana fasawar.

"Baba, kai ka san wurin. Don Allah ka raka ni."

"Ranki ya daɗe, ido rufe zan kai ki. Ai tana nan birjik."

Abin da ban gaya mata ba shi ne rabona da hawa dutsen shekara goma sha ɗaya, tun da gwiwa ta fara ba ni kashi.

Kwana biyu muna bin dutsen nan tsagi-tsagi. Ruwa ya sauka, lokacin furenta ne, amma ko ganye ɗaya ba mu gani ba. Na kai Dakta gindin wani falalen dutse inda a da sai ka lura da inda za ka taka, muka tarar da ƙasa fayau. Raina ya ɓaci. Na zagi makiyaya, na zagi masu itace, na haɗa har da masu neman magani, ban bar kowa ba.

Da muka sauko muka sami wata tsohuwa tana noma a gindin dutsen. Dakta ta gaishe ta, ta nuna mata zanen furen.

"Af, wannan? Ta daɗe da ɓata, 'yata," in ji tsohuwar. "Awaki ba sa cinta, ɗaci gare ta. Mu ma me za mu yi da ita? 'Yan makarantar nan dai masu farar mota, su ne duk damina sai sun zo da 'yan shebur ɗinsu."

Na ce mata, "Iya, mu ilimi muke yi, ba ɓarna ba." Ta dube ni, ta ci gaba da nomanta. Muka kamo hanyar makaranta.

Da shigarmu ta ce in buɗe mata durowar 'yar dutse. Na ce ai ba ɗaya ba ce, uku ne, har da ɗan alfahari na faɗa. Muka kwaso kwalaye muka baza a kan dogon tebur, tebur ya cika, muka koma ƙasa. Ɗari huɗu da goma sha bakwai. Kowanne tsaf, kowanne da 'yar albasarsa a manne a ƙasa.

"Baba, me ya sa duk da saiwa?"

"Haka ƙa'ida take. Tsiro ba saiwa rabin shaida ne. Haka tsohon Farfesa ya koya min, haka nake karɓa."

"Me ya sa kuma kowa ita yake kawowa?"

"Don ba a samunta ko'ina. Wanda ya kawo ta, makinsa ya fi."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa.

Dakta ta durƙusa tana jera su shekara-shekara. A farko talatin ne a damina guda. Sai ashirin. Sai tara, sai huɗu. Shekara shida da suka wuce, kwali ɗaya tak. Na ɗauko shi, nan take na tuna mai shi. Wata siririyar ɗaliba ce mai tabarau. Ganye da fure kawai ta fara kawo min, ta ce, "Baba, ita kaɗai na gani a duk dutsen, na kasa tono ta." Na ce mata nan ba ɗakin tausayi ba ne, ta koma. Ta koma kuwa. Ga rubutuna nan a kusurwar kwalin da jan biro: ya cika.

Na nemi kujera na rasa, na zauna daɓas a ƙasa cikin kwalayen. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Ni da na kwana biyu ina tsine wa makiyaya, ashe ɓarawon a gida yake, har da makullin ɗaki a aljihunsa. Kunya da tsoro suka haɗe min.

Can sai Dakta ta zabura. "Iri! Baba, ko guda ɗaya in yana da iri, za mu gwada shukawa."

Muka ɗauki gilashin ƙara girma, ita ta fara daga dama, ni daga hagu. Mun kai rabi kafin na ajiye nawa. Na riga na san abin da za mu samu. Ƙa'idar tamu ta ce a ciro tsiro lokacin da furensa ya buɗe, don a nan ake gane shi. Duk wanda ya kawo min wadda furenta ya yanƙwane ta fara ƙulla iri, cewa nake ya zubar ya sako mai kyau. Dakta ta ƙi tsayawa, sai da ta duba na ƙarshe. Fure ne, duka fure.

Ranar Juma'a ta tafi kwamiti da kwalaye ashirin, tunda ba ta da wani abin nunawa. Ni na riƙe mata su. Ta yi bayani har muryarta ta dishe, ta roƙi a ba ta damina ɗaya ta ƙara dubawa. Suka ce doka abu mai rai take karewa, kuma ita da bakinta ta ce ba ta ga ko ɗaya ba. Aka ba kamfani izini.

Kafin a tashi, shugaban kwamitin ya ɗaga kwali ɗaya yana jujjuyawa. Ya ce abin farin ciki shi ne jami'a ta adana tsiron yadda ya kamata, bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Ya tambayi wanda ya yi. Dakta ta sunkuyar da kai, amma wani ya nuno ni. Aka ce in miƙe. Na miƙe, aka tafa min.