Kwalin Maganin Hajiya Asmawu

Hajiya Asmawu ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba. Tun suna Kumasi har suka zauna a unguwar Old Trafford ta birnin Manchester, "Ke" take ce mata, in kuma ba ta wurin ta ce "yarinyar nan". Haka aka rene ta, kuma ba ta ga dalilin canzawa don ta tsallaka teku ba.

Da yarinyar ta haihu a Birmingham, Hajiya ta ɗaura kayan yaji da kanwa ta hau jirgin ƙasa zuwa unguwarsu Edgbaston, zaman jego. Allurar ciwon sukarinta kuwa 'yar kaɗan ta rage. A da, sai ta leƙa kemis ɗin bakin layinsu, inda aka san fuskarta, a haɗa mata na tafiya. Yanzu asibiti ya tattara aikin wuri guda, daga can ake aiko wa kowa nasa ta gidan waya. Nata kwalin ya isa Manchester, bai tarar da kowa ba, ya koma.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Wadda ta zo kula da mai jego ba ta buɗe baki da nata ciwon, surukinta Zulkarnaini kuwa ko ido ba sa haɗawa. Sai ta shiga rage allurar. Ƙishirwa ta dame ta, idanunta suka soma hazo, har ran nan ta ɗauki jariri daga baho ta ji ƙasa na juya mata. Nan ta tsorata.

Ta shige kicin, ta kira lambar da ke jikin tsohon kwali. Wata mai suna Angelina ta ɗauka, suka yi ta da Turancin Hajiya na kasuwa.

"Mama, ba damuwa. Duk garin da kike za mu aiko, gobe ma. Amma abin firji ne, sai an miƙa hannu da hannu. Sunan wa ke kan flat ɗin?"

"Na 'yata."

"Sunanta fa?"

"Rubuta matar Zulkarnaini."

"Mama, direba ba zai nemi matar wani ba. Suna nake so."

Hajiya ta yi tsaki. "Yaran zamani! Mai kemis ɗinmu bai taɓa yi mini wannan titsiye ba."

Angelina ta yi dariya. "Shi yana ganin fuskarki, Mama. Ni murya kawai nake da ita."

Hajiya ta dubi kwalbar da ta kusa ƙarewa. Ta tuna nauyin jaririn a hannunta ɗazu, da yadda tayil ɗin banɗaki ya yi mata nisa. Ta juya wa ƙofa baya, ta rage murya.

"Batulu."

"Ban ji ba, Mama."

"Batulu Osmanu!"

"Na'am?" aka amsa daga bayanta.

Batulu ce a bakin ƙofa, jariri a kafaɗa, baki buɗe. Ta girma, ta yi digiri, ta haihu, yau ta fara jin sunanta a wannan bakin.

"Mma, sake faɗi."

"Ke, tafi ki sha kununki, ya huce."

Washegari kwalin ya iso da sanyinsa. Batulu ta karɓa, ta ga abin da ke ciki, ta daɗe tana kallon uwarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe firji, ta matsar da robar kunu gefe, ta jera alluran a gaba, inda kowa zai gani.